Nawa ya kamata in biya leburan yini? Amsa ga mai gyaran gida a Maradi

Wata malamar makaranta da ke zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo ce ta aiko da tambayar. Katangar gidansu ta faɗi da damana. Maigida yana aiki a Agadas, ya turo kuɗi ya ce ta tsaya kan gyaran: a tada katanga, a haƙa sabuwar salga, a yi wa ɗaki guda yaɓen siminti. Magini ya ce ta damƙa masa kuɗin leburori, shi zai sallame su. Maƙwabciyarta ta ja mata kunne kada ta biya fiye da yadda aka saba, don kada ta ɓata wa unguwa kasuwa. Wani daga cikin masu neman aikin kuma, da ta tambaye shi nawa zai karɓa, cewa ya yi: “Ko me kika ba ni, Malama.” Tana son ta san nawa ne daidai, yadda ba ta cuci kowa ba, ita ma ba a cuce ta ba.

Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya mayar da alheri. Tsayawa kan gini, lissafin kaya da sallamar ma'aikata in la'asar ta yi sanyi, shi ne aikina shekara da shekaru. Ba zan yanke miki adadi guda in ce shi ke nan ba, domin duk adadin da na rubuta yau, kafin kaka ta zagayo ya tsufa. Zan nuna miki yadda nake fitar da shi.

Mu fara da inda bai halatta a sauka ƙasa da shi ba. Dokar ƙwadago ta Nijar ta ran 25 ga Satumba 2012 ta tsayar da aikin mako a kan awa 40. Albashi mafi ƙanƙanta, wanda ma'aikata ke kira SMIG, ya daɗe a sefa 30,047 a wata tun 2012, sannan aka ɗaga shi zuwa 42,000 daga 1 ga Janairu 2024. Awa 40 a mako tana ba da kamar awa 173 a wata. In kika raba 42,000 da 173, awa guda ta faɗo wajen sefa 242, yinin awa 8 kuma ya kai kusan 1,940. A ce jikka 2. Na san ba wani sufeton ƙwadago da zai leƙo gidanki ya ga nawa kika ba mai kwaɓa siminti. Duk da haka ki riƙe adadin nan, don shi ne abin da hukuma da kanta ta yarda cewa ƙasa da shi ba albashi ba ne.

Sai dai jikka 2 ɗin nan lissafin mai albashin wata ne, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Mai albashi ya san gobe akwai aiki. Ranar hutu kuɗinsa ba ya raguwa, in ya kwanta ciwo wata zai ƙare a biya shi. Ɗan ƙwadago ba shi da ko ɗaya. Yakan fito da asuba ya zauna bakin titi da shebur da diga, wata rana a ɗauke shi, wata rana ya koma gida da azahar hannu sake. Ki yi lissafin da kanki. Wanda ya samu aiki kwana 20 a wata, sai an ba shi 2,100 a yini kafin ya kamo 42,000. Wanda ya samu kwana 15, sai 2,800. Ke nan kuɗin yinin da kika biya ba na ranar kaɗai ba ne, yana ɗauke da wani yanki na ranakun da ba wanda ya kira shi. Shi ya sa nake cewa kuɗin yini na gaskiya dole ya ɗara abin da rabon albashin wata ya bayar, kuma ba alfarma ba ce in ya ɗara.

Akwai wani awo da na fi amincewa da shi fiye da na takarda, shi ne tiya. Ranar Litinin ko Juma'a ki aika Babbar Kasuwa a tambayo miki nawa tiyar hatsi take a makon. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyar, da wuya gidansa ya wuni ya kwana da ƙasa da tiya ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki ɗora kuɗin niƙa, icce, cefanen miya, ruwa, da kabu-kabun da zai kawo shi in daga nesa yake. Idan kuɗin yinin da kike shirin bayarwa ya ƙare a nan, babu ragowar da zai ajiye don gobe, to ya yi kaɗan, ko da kowa a unguwar haka yake biya. Amfanin wannan awon shi ne yana tafiya da zamani. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan masarufi suka hau, amma kuɗin lebura a wurare da yawa bai motsa da wuri ba. Wanda ya yi ta biya da tsohon farashi a lokacin, rage wa mutane albashi ya yi ba tare da ya sani ba.

Bayan kin san ƙasan, sai ki nemi abin da gari ke biya yanzu. Kada ki tsaya ga bakin magininki kaɗai, shi ma yana da nasa lissafin. Ki tambayi wanda ya gama gini kwanan nan. Ki sa a tambayi wani lebura da ba ke za ki ɗauka ba, don ba shi da dalilin ƙara miki ko rage miki. Mai sayar da bulo ko siminti na kusa da ku ma ya sani, kullum a gabansa ake ciniki. In amsoshin uku suka kusanci juna, kin samu farashin gari. Tsakaninsa da awon tiya, wanda ya fi yawa shi za ki ɗauka.

Farashin garin kuma yana da yanayi. Da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, samari na kwararowa daga ƙauyukan Madarunfa, Tibiri, Gidan Rumji, har Dakoro da Mayahi, don cin rani. Hannu ya yi yawa, kuɗi ya sauka. Da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni, rabinsu sun koma shuka, wanda ya rage kuma ana nemansa noman ƙwadago, sai kuɗi ya tashi. In kin ɗauki mutum a tsakiyar noma, ki san gonarsa ya bari ya zo miki. Wannan hawa da saukar ba laifi ba ne, haka kasuwa take. Abin da ba na yarda da shi shi ne farashin yunwa. Tun 2019 jihar nan ke karɓar mutanen da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara, Sakkwato da Katsina, ga namu na bakin iyaka da suka baro garuruwansu. Irin wannan mutumin in kika ce masa jikka guda zai ce to, har ya yi miki godiya. Yardarsa ba ta nuna kuɗin ya yi daidai, tana nuna bai karya ba tun jiya. Ki biya shi abin da za ki biya ɗan unguwa.

Yanzu ga ayyukan naki uku, kuma ba iri ɗaya za a biya su ba. Hanyar biya biyu ce, ko yini ko jinga. Kowace da cutarta. Mai yini ba ya gaggawa, don in aikin ya ƙare yau gobe ba shi da abinci. Mai jinga kuwa gudu yake ya gama ya kama wani, ko aikin ya yi kyau ko bai yi ba. Dabarar ita ce ki ba da jinga a aikin da ido ke iya aunawa ko ƙirgawa, ki ba da yini a aikin da gaggawa ke ɓata shi.

Katanga aikin jinga ce, amma kada ki yi cinikinta da ka. Ki mayar da ita kwanaki tukuna. Bulo na yau da kullum fuskarsa santimita 40 a 20 ce, don haka murabba'in mita guda na cin bulo 12 da rabi. A ce katangarki mita 20 ce a tsawo, mita 2 a tsaye. Murabba'in mita 40 ke nan, bulo 500. Mu ɗauka magini guda da leburori 2 suna jera bulo 100 a yini, jeri mai kyau da igiya da ma'auni: kwana 5. Ki ƙara kamar kwana 3 na kwashe ɓaraguzan tsohuwar, haƙa harsashi, ɗaurin ƙarfe da zuba ginshiƙai. Kwana 8. A misali kawai, in lebura jikka 3 ne a yini, magini jikka 6, don a yadda na saba gani ƙwararren magini yakan ɗauki ninkin na lebura ko ya ɗara, to yini guda jikka 12 ne, kwana 8 jikka 96. Ki canza adadin da abin da kika samo a gari, hanyar dai ita ce. Da wannan a hannunki, in magini ya ce jikka 180, kina da bakin tambayarsa me ya ƙaru. In kuma ya ce zai yi a 55, kada ki yi murna. Bai rage daga aljihunsa ba. Ko dai leburorin zai matse, ko ya rage zurfin harsashi, ko ya tsallake ginshiƙi, katangar ta sake kwantawa a damana mai zuwa. Wanda ya ga yadda ruwan 2024 ya yi da gidaje a garin nan ba ya wasa da harsashi.

Salga ita ce aikin da na fi ganin ana zaluntar mutane a kansa, don masu gida suna kallonta a matsayin rami kawai. Ramin mita 2 a mita 1 da rabi, zurfin mita 3, ƙasar da za ta fito cikinsa mita 9 ce ta awon ciki, kuma kowace mita guda ta rairayi ta kai tan ɗaya da rabi. Fiye da tan 13 ke nan za a ɗago da shebur da bokiti. Mitar farko wasa ce, ana watso ƙasar waje a tsaye. Ta uku kuwa sai an cika bokiti an ja da igiya, ga zafi ba iska, ga bango yana kallon mutum ta ko'ina. Ƙasar tudun Maradi jigawa ce a wurare da yawa, tana da daɗin haƙa, tana kuma da saurin zubowa, musamman in ta sha ruwa. Saboda haka a yi jingar mita-mita, kuɗin kowace mita ya fi na wadda ke samanta. Mutum biyu za ki biya, ba ɗaya ba, domin in rami ya wuce ƙirji bai kamata a bar mutum ciki ba tare da wani a sama ba, ko na minti biyar. Ƙasar da aka fitar a tara ta nesa da bakin ramin, nauyinta na rusa gefe. In mai haƙa ya ce ƙasar na motsi yana son a tokare da katako ko a faɗaɗa baki, ki yarda ki biya ƙarin, shi ne a ciki. Ki kuma yanke tun farko wa zai fitar da ƙasar daga gida, don rigimar da ta fi yawa bayan haƙa ita ce tsibin da ya toshe tsakar gida kowa yana cewa ba nasa ba ne. In sai an kira mai amalanke, kuɗinsa daban.

Yaɓen siminti kuma ki ba da shi yini. Mai jinga ba zai tsaya jiƙa bango kafin ya watsa kwaɓi ba, ba zai jira shafin farko ya kama ba, bayan wata biyu ki ga tsaga, in kika ƙwanƙwasa ki ji yana amsawa kamar ƙwarya. Ki bar shi ya yi a natse, ki dai riƙa leƙawa. Ɗanyen siminti na cin fata, duk leburan da ya daɗe a aikin ki dubi tafin hannunsa da tsakanin yatsun ƙafarsa. Safar hannu da takalmin roba ba su kai kuɗin yini biyu ba, ki saya, in an gama ki bar musu.

Sai maganar “ko me kika ba ni.” Kada ki karɓe ta, ko daga bakin wa ta fito. Wani kunya ce ke sa shi faɗa, wani kuma dabara ce, yana fatan kunyarki ta fi tasa. Ko wanne ne, da yamma ɗayanku zai kwana da ƙorafi. Malamanmu na Malikiyya sun gama wannan magana tuntuni. A Risala ta Ibn Abi Zaid an ce ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ta halatta idan an yanka mata lokaci an kuma ambaci lada. In aka yi aiki ba a ambata ba, hukuncin shi ne a koma ga ladan da ake biyan irinsa a irin aikin, ba abin da ran mai gida ya so ba. Don haka ki ce masa: “A'a, Malam, faɗi dai mu ji.” In ya ƙi, ke ki faɗa, a gaban wani, ya ce ya sallama kafin ya taɓa shebur. Wannan ya fi tsanani in ɗan uwa ne ko ɗan maƙwabta. Bare in an cuce shi ya tafi da abinsa. Ɗan ƙanen maigida kuwa, labarin jikka guda sai ya kai Agadas kafin ki kai ga waya.

Malaman sun yi magana a kan wani abu kuma da nake ganinsa kullum, wato haɗa yini da adadin aiki a ciniki guda: kuɗin yini zan ba ka, amma sai ka jera bulo 150, in ba su cika ba babu. Da yawansu na ganin hakan na ɓata yarjejeniyar, kuma ko a aikace ma haka ne, don mai gida ya kwashi amfanin hanyoyin biyu ya bar wa ma'aikaci cutarsu. Ki zaɓi ɗaya. Haka nan wanda ke aiki cikin gidanki a gaban idonki amintacce ne a hukunci. In bulo ya suɓuce ya fashe ko ƙotar diga ta karye a bakin aiki, ba a cire masa a lada sai in sakaci ne bayyananne ko ganganci.

Mafi yawan faɗan da nake rabawa ba a kan yawan kuɗi ba ne, a kan abin da ba a faɗa ba ne. Yini daga yaushe zuwa yaushe? Ki ambata: daga ƙarfe 8 zuwa la'asar, da hutun azahar na salla da abinci. In aiki ya ja har magariba, kamar ranar zuba kankare da ba a tsayawa sai an gama, a ƙara kuɗi, doka ma ta san da ƙarin awa. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, gara a fara da sassafe a tashi da wuri. Da azumi ma haka, a fara bayan asuba a tashi wajen azahar, kuma tunda awannin sun kusan cika kuɗin yini cikakke ne. Abinci fa? In za ki ba da hura da rana ko shinkafa da wake, ki faɗa. In ba za ki iya ba, ga makaranta ga yara, ki faɗa ki ɗora kuɗinsa a sama. Abin da ba ya kyau shi ne a ba mutum abinci da sunan kyauta, da yamma a cire a lada. Ruwan sha mai sanyi kuwa ba ya shiga lissafi ko kaɗan, haƙƙin duk wanda ya shigo gidanki ne.

Ga wata magana da masu gida ba su son ji. Leburori sun zo ƙarfe 8, mai kawo yashi bai zo ba, ko famfo ya ɗauke ba a tanadi ruwa ba, suka zauna har azahar. Wannan zaman naki ne, ba nasu ba. Sun ba ki safiyar da ake ɗaukar mutane, ba za su sake samun wani aikin ba a ranar. Mafi ƙaranci rabin yini, in kuma ke kika ce su jira har yamma, cikakke. In ruwan sama ne ya tsayar da aiki bayan an fara, ba laifin kowa, a raba asarar: rabin yini. Maganin duk wannan shi ne kada ki kira kowa sai siminti, yashi, tsakuwa, ƙarfe da ruwa sun kwana a gidan.

Su ma suna da nasu nauyin, kada ki ji kunyar nema. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda kika biya da kyau, kina da bakin ce masa ya zo kan lokaci, ya ajiye waya, ya wanke kayan aiki ya share wurin kafin ya tafi. In kin ga mutum yana jan ƙafa, ki biya shi na ranar cif, ki ce gobe ya huta. Ba a rage kuɗin da aka riga aka yanka don an ga aikin bai gamsar ba, sallama ake yi.

Batun damƙa wa magini kuɗin leburori, amsata ta dogara da irin cinikin. In jinga ce ta katanga gaba ɗaya, shi ya kawo mutanensa, to shi ne mai biyansu, amma ki tambaye shi a gabansu nawa yake ba kowa, ki ga ko ya kai ƙasan da muka lissafa. Magini na kirki ba ya jin haushin tambayar. In kuwa yini ne, ki biya kowa a hannunsa, ko ki sa ƙanen maigida ya miƙa kina tsaye. Ba ina cewa maginin ɓarawo ba ne. Al'ada ce ta daɗe a sana'ar, babba ya karɓa ya ɗan tsakura kafin ya raba, wasu ma ba su ɗauke ta laifi ba. In yana ganin ya cancanci wani abu don shi ya nemo su yake kuma juya su, gaskiyarsa ne, a sa masa a nasa kuɗin a fili. Yaronsa mai koyon aiki kuma, in aikin lebura yake yi miki wuni guda, kuɗin lebura za ki lissafa masa.

Ki biya kullum da yamma. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma a Buhari an ambaci wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi lada, cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Ko ba don wannan ba, kuɗin yamman nan shi ne tuwon daren gidansa, “ka dawo gobe” na nufin yara su kwana haka. Ki nemi canji tun da rana. In maigida ta Nita ko Amana yake turowa, ki ciro na kwana uku ko huɗu ki ajiye, kada layin jira ya zama dalilin hana mutum haƙƙinsa. Kafin alƙalami ga lebura kada ya wuce na karin safe, don mai yawa yakan sa a nemi mutum a rasa. Ki kuma ambaci kuɗin da sefa. Garin nan naira na yawo, Ɗan Isa da Jibiya ba nisa, kuma tun da darajarta ta zube daga tsakiyar 2023 ba wanda ke son a yi ciniki da sefa a biya shi da naira a canjin da mai gida ya ga dama.

Maƙwabciyarki ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba. In kika ninka kuɗi sau biyu don tausayi, gobe za a je mata da farashinki, ke kuma za a ɗauke ki wadda ba ta san kuɗi ba, kowane ciniki ya zo miki da tsada. Amma ki duba abin da ake jayayya a kansa. Bambancin sefa 500 a yini, leburori 2, kwana 8, jikka 8 ne, kuɗin buhun siminti biyu ko uku a aikin da zai ci buhuna da yawa. A watan Oktoba 2024 gwamnati ta rage farashin siminti, masu gini suka samu sauƙi, ban kuwa ji wanda ya ce bari in ƙara wa mai kwaɓawa daga abin da ya ragu ba. In kina son ki kyautata ba tare da surutun unguwa ba, ki tsayar da kuɗin yini a saman farashin gari kaɗan, sauran ki ba da shi ranar gamawa a matsayin goro. Amma goro ba ya cike gurbin ladan da ya gaza tun farko.

Yara kuma, doka ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 14 ba aiki, kuma ko ya kai, buhun siminti kilo 50 ne, ba na wuyan yaro ba ne, rami ma ba wurinsa ba ne. Almajiri babba in ya yi aikin babba, kuɗin babba za a ba shi, ba ragowar tuwo da dala ashirin ba. Matan da ke ɗebo ruwa ko tankaɗe yashi ma haka, dokar ta ce aiki iri ɗaya lada iri ɗaya.

Ki ware wani abu a gefe don rauni. A ƙa'ida mai ɗaukar ma'aikaci ne ke sanar da shi ga asusun CNSS, wanda ke ɗaukar nauyin haɗarin aiki, amma kowa ya san aikin kwana takwas a gida ba a kai shi can. Ke nan in ƙusa ta huda ƙafa ko bulo ya faɗo wa mutum a yatsa, ke ce asusun. A kai shi likita nan take, a tambaya a kan allurar tetanus, ki biya magani, ki kuma cika masa kuɗin ranar.

Ki samu ƙaramin littafi irin na 'yan makarantarki. Shafin farko ki rubuta abin da aka yanka da kowa da wanda ya shaida, sauran kuma suna, rana, abin da aka biya. Da yamma ki ɗauki hotonsa ki tura wa maigida, shi ma hankalinsa ya kwanta. Daga jingar magini, ba daga kuɗin leburori ba, ki riƙe kamar kashi ɗaya cikin goma har a gama a duba katangar tare, kuma ki faɗa masa haka tun ranar ciniki. Bayan an tashi akwai sauran aiki guda da ake mantawa a lissafi: sabon gini da sabon yaɓe suna son ruwa safe da yamma har kamar mako guda, in ba haka ba zafin garin nan zai busar da simintin kafin ya yi ƙarfi. In ba mai yi a gida, ki yanka wa ɗaya daga cikin leburorin kuɗin wannan daban, ki lissafa da kuɗin ruwan da 'yan ga-ruwa za su kawo.